Ingarman Yennenga: Yadda Wagadugu Ta Zama Mahaɗar Masu Fim na Afirka

A shekarar 1972, a birnin Wagadugu, aka kira sunan wani mutumin Yamai a gaban taro, aka ce fim ɗinsa ne ya fi na kowa. Sunansa Oumarou Ganda.  Soja ya shiga tun yana saurayi, Faransawa suka kai shi yaƙin Indochina. Da ya dawo gida bai tarar da abin yi ba, sai ya gangara Abijan ya kama dako a tashar jiragen ruwa. A can ya gamu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, inda ya ba da labarin wahalar 'yan ci-rani da bakinsa. Daga tsayuwa a gaban kyamara ya koma bayanta. Shekara 14 bayan haka, fim ɗinsa mai suna Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya ci kyautar Ingarman Yennenga, babbar kyautar bikin da duniya ta sani da FESPACO.

Yau wannan biki ya haura shekara 50, kuma babu taron fina-finai a nahiyar Afirka da ya kai shi suna. Duk bayan shekara biyu, wajen ƙarshen Fabrairu, lokacin da hunturu ke ja da baya zafi na shigowa, daraktoci da 'yan wasa da masu sayen fim da 'yan jarida sukan cika babban birnin Burkina Faso har tsawon mako guda. Abin da ya kamata a tambaya shi ne yadda aka yi wannan alhaki ya faɗo kan ƙasar da ba ta da teku, ba ta da man fetur, kuma a ranar da aka fara bikin ba ta da ko dogon fim guda na kanta.

Amsar tana komawa ga batun wanda ya mallaki allon da ake haska fim a kai.

A zamanin mulkin mallaka, ɗan Afirka ɗan kallo ne kawai. A ƙasashen da Faransa ta mulka akwai wata doka ta 1934, wadda aka fi sani da sunan ministan da ya sa mata hannu, Pierre Laval. Dokar ta hana kowa ɗaukar fim sai da izinin gwamna, bayan an duba labarin da za a ɗauka da mutanen da za su fito a ciki. Shi ya sa lokacin da Paulin Vieyra da abokansa ɗalibai suka so yin fim a 1955, a Paris suka yi shi, suka raɗa masa suna Afrique-sur-Seine. A Arewacin Nijeriya ma dattawa ba su manta da motar majigi ba, wadda kan sauka a ƙofar fada da magariba ta kafa farin ƙyalle ta nuna darasin tsabta da noman gyaɗa. Gidajen sinima na kuɗi kuwa, a Kano ko a Yamai ko a Bobo-Dioulasso, abin da ke cikinsu fina-finan kaboyi ne da na Indiya da na Masar.

Samun 'yancin kai a 1960 bai sauya wannan ba. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da kusan duk gidajen sinima da hanyar shigo da fim a ƙasashe rainon Faransa, daga Dakar har zuwa Brazzaville. Sukan sayo tsofaffin fina-finan da suka gama cin kasuwarsu a Turai a kan araha, su zagaya da su gari-gari. Fim ɗin ɗan ƙasa ba ya cikin lissafinsu. Ousmane Sembène na Sanagal ya fitar da Borom Sarret a 1963, labarin wani mai amalanke a Dakar, ya biyo da La Noire de… wanda ya ci babbar kyauta a bikin Carthage na Tunisiya a 1966. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi Aouré a 1962 a kan al'adun aure, ya yi fina-finan zane mai motsi da kwaɗi a matsayin 'yan wasa, sannan a 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, inda samarin ƙauye suka sa malafa da takalman kaboyi suka addabi gari. Ana nuna waɗannan ayyuka a Turai ana tafa musu, amma mutanen da aka yi su dominsu ba su da inda za su gan su.

Wannan ƙishi ne ya tara wasu masu sha'awar fim a Wagadugu a ƙarshen 1968. Ƙasar a lokacin sunanta Haute-Volta, wato Volta ta Sama. Cikinsu akwai Claude Prieux, shugaban cibiyar al'adu ta Faransa da Volta, da François Bassolet na ma'aikatar watsa labarai, da wata matashiya ma'aikaciyar gidan talabijin, Alimata Salembéré, wadda aka ɗora wa shugabancin kwamitin shirye-shirye. Daga 1 zuwa 15 ga Fabrairu 1969 suka gudanar da abin da suka kira Makon Fina-finan Afirka. Ƙasashen Afirka biyar ne suka halarta: Sanagal, Kodebuwa, Kamaru, Nijar da mai masaukin baƙi. Daga Turai Faransa da Holan suka zo. An nuna fim sama da 20, babu gasa, babu kyauta. Mutum kusan 10,000 suka fito kallo, a garin da a lokacin bai wuce girman wasu unguwanninsa na yau ba.

Cikowar jama'ar nan ta nuna wa hukuma abin da kamfanonin Faransa suka daɗe suna musantawa, cewa talakan Afirka zai yi layi don ya ga fuskar ɗan'uwansa a allo.

Ba a cika shekara ba aka yi karo. Kamfanonin biyu suka nemi ƙara kuɗin tikiti, gwamnatin Janar Sangoulé Lamizana ta ƙi, su kuma suka rufe gidajen. A watan Janairu 1970 gwamnati ta ƙwace gidajen sinimar ƙasar ta mayar da su mallakin jama'a, ta kafa kamfanin SONAVOCI ya riƙa gudanar da su. Kamfanonin suka rama ta hanyar hana ƙasar fina-finai, har sai da aka zauna aka daidaita. Amma gidajen ba su koma hannunsu ba. Daga nan aka fara ware wani kaso na kuɗin tikiti ana zubawa a asusun shirya fim, kuma daga irin wannan kuɗi ne Mamadou Djim Kola ya yi Le Sang des parias, dogon fim na farko na ƙasar. A idon masu fim na Afirka, waɗanda a shekarar 1970 ɗin suka kafa ƙungiyarsu ta FEPACI a Tunis, ƙaramar ƙasar nan ta yi abin da manya suka kasa. Suka rungumi bikinta a matsayin nasu.

Ranar 7 ga Janairu 1972 aka sa hannu kan dokar da ta mayar da bikin hukuma ta gwamnati, ta ba shi sunan da ake taƙaitawa FESPACO, ta kuma kafa gasa. Da aka zo raɗa wa kyautar suna, sai aka koma ga tushen ƙabilar Mosi. Labarin baka ya ce Yennenga 'yar sarkin Gambaga ce, a arewacin Gana ta yau, gwanar sukuwa da jifan mashi, har mahaifinta ya ƙi aurar da ita don kada ya rasa ta a fagen fama. Wata rana ta hau ingarma ta fice, dokin ya yi daji da ita har bukkar wani maharbin giwa mai suna Rialé. Ɗan da suka haifa suka sa masa suna Ouédraogo, ma'anarsa ingarma, kuma daga tsatsonsa sarakunan Mosi suke. Kyautar da ake miƙawa a yau siffar gimbiyar ce bisa dokin da ya yi tsaye da ƙafafun baya, mashi a hannunta, tare da tsabar kuɗi sefa miliyan 20. Ƙasar Mosi ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ta nan suke ratsawa, kuma har farkon wannan ƙarni akwai tsohuwar unguwar Hausawa a tsakiyar Wagadugu, Zangouettin, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar zango.

Fim ɗin da ya fara ɗaukar kyautar da Zabarmanci aka yi shi, kuma duk wanda ya tashi a Yamai ko Sakkwato ko Maraɗi zai gane mutanen cikinsa. Wani attajiri ne ya dawo daga Makka ana ce masa Alhaji, ya sa ido kan wata yarinya, Satou, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kuɗi ya yi aikinsa, iyaye suka ba shi ita ta zama ta uku. Matarsa ta biyu ta kasa haɗiye kishi ta ɗauki hayar wanda zai kashe amarya, shi kuma ya yi kuskure ya kashe wata daban. Kalmar wazzou da ke cikin sunan fim ɗin 'yar'uwar wa'azi ce a Hausa, kuma abin da Ganda ya sa a gaba shi ne masu fakewa da rawani su ci zalin na ƙasa. A cikin 'yan wasan akwai Zalika Souley, wadda ta sha tsangwama a gari saboda irin matan da take fitowa a matsayinsu, kuma daga baya Rahmatou Keïta ta yi fim sukutum a kan rayuwarta. A waɗancan shekarun Nijar tana sahun gaba a harkar fim a Afirka ta Yamma.

Bayan 1973 bikin ya yi ta tuntuɓe. Rashin kuɗi, da fari, da rikicin kan iyaka da Mali a 1974, suka sa ba a sake yi ba sai 1976, daga nan kuma sai 1979. A wannan shekarar aka tsayar da shi duk bayan shekara biyu, a shekarun da ba su rabuwa biyu, don ya riƙa karɓeɓeniya da bikin Carthage. Souleymane Cissé na Mali ya ci kyautar a 1979 da Baara, ya sake ci a 1983 da Finyè. A 1983 ɗin ne kuma aka buɗe kasuwar MICA a gefen bikin, inda masu gidajen talabijin da dillalai ke zuwa duba haja.

Sembène, wanda ake kira uban sinimar Afirka, bai taɓa cin Ingarman ba, domin ba ya shigar da fina-finansa gasar. Ya bar wa na baya fili. Amma ba ya fashin zuwa. Ɗaki mai lamba 1 a otal ɗin Indépendance nasa ne, kuma a bakin tafkin wanka na otal ɗin, lofe a bakinsa, matasan daraktoci kan kewaye shi ana musu har dare ya raba: da wane harshe za a yi fim, wa zai biya, wa zai kalla.

Wanda ya mayar da bikin na gari baki ɗaya shi ne Kyaftin Thomas Sankara. Ya hau mulki ranar 4 ga Agusta 1983, shekara guda cif bayan haka ya sauya wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso, ƙasar mutane masu mutunci. A wurinsa fim makami ne na 'yantar da tunani, kuma taken bikin 1985 ma kenan: sinima da 'yantar da al'umma. Aka fitar da bikin daga zauren manya zuwa titi, da jerin gwano da kiɗa da rumfunan 'yan kasuwa, ana haska fim a unguwanni. A shekarar ce baƙin daraktoci suka tuɓe riguna suka je suka taya talakawa shimfiɗa ƙarfen titin jirgin ƙasa da gwamnati ke ja da ƙarfin jama'a daga Wagadugu zuwa arewa. A zamaninsa aka buɗe wa baƙaƙen fata na Amurka da tsibiran Karebiyan ƙofa, aka ware musu kyauta da sunan mawaƙi Paul Robeson. A 1987 aka ƙaddamar da hasumiyar da ke Dandalin Masu Fim, kusa da ofishin magajin gari, wadda aka gina da siffar fayafayan fim da idanun kyamara ɗaya bisa ɗaya.

Bikin 1987 shi ne na ƙarshe da Sankara ya gani, kuma labarin da ya ci kyauta a shekarar daga ƙasar Hausa ya fito.

A 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine ta nausa gabas daga kogin Kwara da nufin kaiwa tafkin Cadi. Duk inda ta bi sai toka da gawa. Abin da ta yi wa Birnin Ƙonni har yau ana ba da labarinsa. A watan Afrilu, a garin Lugu na ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, Sarauniya Mangu ta Azna ta ƙi miƙa wuya. Mutanenta suka tari bindiga da kwari da baka, suka ja da baya cikin kurmi, Faransawa suka wuce da raunuka ba su kama ta ba. Wata uku bayan haka Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da hukumomin Faransa suka aiko ya tsayar da shi, sannan sojojinsa baƙaƙe suka juya suka kashe shi, shi da Chanoine. Marubucin Nijar Abdoulaye Mamani, tsohon ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, ya mayar da wannan tarihi littafi mai suna Sarraounia a 1980. Abokinsa Med Hondo, ɗan Mauritaniya, ya ɗauki shekaru yana neman kuɗin mayar da shi fim. An shirya ɗauka a Nijar, ana gab da farawa hukumomin ƙasar na lokacin suka janye. Sankara ya ce a zo Burkina. Ya ba da fili da sojojin da suka fito a matsayin mayaƙa, 'yar ƙasar Aï Keïta ta hau matsayin Sarauniya. Wannan ƙaura ce ta sa Jula da Faransanci suka fi yawa a bakin 'yan wasan maimakon Hausar Arewa.

Ga mutanen Wagadugu, mugun da ke cikin fim ɗin sananne ne. Voulet ɗin nan shi ne ya ci garinsu da yaƙi a 1896, ya kori sarkinsu Moro Naba Wobgo daga fadarsa. Shekara 91 bayan haka, jikokin waɗanda ya kora suka zauna a gidan sinima mallakin ƙasarsu suna kallon yadda wata Bahaushiya ta tsaya masa. A watan Oktoba na shekarar aka kashe Sankara. Med Hondo kuwa ya rasu a Paris ranar 2 ga Maris 2019, ranar da ake rufe bikin cikar FESPACO shekara 50.

Gwamnatin Blaise Compaoré ta rage zafin siyasar bikin amma ba ta sake shi ba. A 1989 Kwaw Ansah na Gana ya zama na farko daga ƙasashe rainon Ingila da ya ɗauki Ingarman, da Heritage Africa. Masu masaukin baƙi sai da suka jira har 1991, lokacin da Idrissa Ouédraogo ya ci da Tilaï, fim ɗin da ya riga ya karɓo babbar lambar alƙalai a Cannes a 1990. Gaston Kaboré ya biyo baya a 1997 da Buud Yam. Waɗannan 'ya'yan bikin ne a zahiri. Ouédraogo ya yi karatu a INAFEC, makarantar fim da aka buɗe a Wagadugu a 1976, inda Kaboré ya koyar. A 1989 kuma aka kafa taskar adana fina-finan Afirka a birnin, don kada aikin magabata ya zama sai an je Paris kafin a gan shi. Ranar 1 ga Satumba 2009 aka tafka ruwan da ya zarce milimita 260 cikin yini guda, ambaliya ta shiga taskar, ma'aikata suka yi ta zaro fayafayai daga cikin laka suna wankewa suna shanyawa.

Wanda ya je bikin a waɗannan shekaru yakan dawo da labarin jama'a kafin na fim. Filin wasa na 4 ga Agusta yakan cika maƙil ranar buɗewa, da mahaya dawaki da makaɗa, har a buga ƙaton allon nan mai baki biyu da ake tafawa kafin ɗaukar fim, alamar an fara. Washegari da sassafe masu fim sukan taru a gindin hasumiyarsu, su riƙe hannun juna su zagaya ta, a zuba ruwa a ƙasa a ambaci waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Da yamma layi yakan miƙe a ƙofar Ciné Burkina da Ciné Neerwaya, babura jibge a gefen titi, hayaƙin gasasshiyar kaza na tashi. A ciki kuwa 'yan kallo ba sa yin shiru. Sukan yi wa azzalumi ihu, su gargaɗi jarumi cewa ga maƙiyi a bayansa, darakta na zaune a tsakiyarsu yana jin hukuncin aikinsa da kunnensa.

Sai dai matsalar da ta haifi bikin ba ta kau ba. Kuɗin shirya yawancin fina-finan da ke shiga gasa daga Faransa da Tarayyar Turai da ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci yake fitowa, haka ma wani kaso na kuɗin bikin kansa. Bayan makon biki, fim ɗin da ya ci kyauta yakan fi samun masu kallo a Turai fiye da garin da aka ɗauke shi. Tsuke bakin aljihu da aka tilasta wa gwamnatoci, da karyewar darajar sefa a 1994, da shigowar bidiyo, suka rufe gidajen sinima a faɗin yankin. Wasu suka koma shaguna, wasu wuraren ibada. Kamfanin gwamnatin da aka kafa a 1970, wanda ya koma SONACIB bayan sauya sunan ƙasa, shi ma ya durƙushe a farkon shekarun 2000.

A daidai lokacin ne Nijeriya ta ɓullo da tata hanyar. A Kano ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, a Legas aka yi Living in Bondage a 1992. Ba a jira tallafin kowa ba. Ɗan kasuwa ya zuba kuɗi, a ɗauka da kyamarar bidiyo, a buga kaset a kai kasuwa, ya shiga ɗakunan matan aure daga Kano har Agadas, Kumasi da Garwa. Abin da su Sembène suka yi ta mafarki, wato fim da harshen gida wanda jama'ar gida ke saye da kuɗinsu, ya tabbata a nan. Amma ƙofar babbar gasar Wagadugu a rufe take gare shi, domin ƙa'ida ta ce sai fim ɗin da ke kan zare mai faɗin milimita 35, wanda wanke shi da buga shi sai an kai ƙasashen waje an kashe miliyoyi. Ɗan Nijeriya ɗaya tilo da ya ɗauki Ingarman, Newton Aduaka, da Ezra a 2007, a Turai yake zaune, can kuma ya samo kuɗin aikinsa. A 2013 sai da aka fitar da wasu fina-finai daga gasa saboda wannan ƙa'ida, aka yi ta ce-ce-ku-ce, sannan daga 2015 aka amince da na dijital. Shekara 25 masu kasuwa da masu kyauta suna tafiya a hanya biyu da ba ta haɗuwa, kuma kowane ɓangare ya yi asarar abin da ke hannun ɗayan.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada bikin fiye da kowane lokaci. A boren Oktoba 2014 da ya kori Compaoré, an cinna wa otal ɗin Indépendance wuta saboda 'yan majalisa na kwana a ciki, amma bayan wata huɗu aka yi bikin 2015. A Janairu 2016 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a wani otal da gidan shan shayi a babban titin Kwame Nkrumah, aka yi na 2017 da sojoji a ƙofar kowane gidan kallo. Annobar korona ta tura na 2021 zuwa Oktoba, inda Khadar Ayderus Ahmed ya kai wa Somaliya kyautar da labarin wani mai haƙan kabari da matarsa marar lafiya. A wannan karon ne aka nuna Zinder na Aïcha Macky, 'yar Damagaram, fim ɗin gaskiya da Hausa zalla, wanda ya shiga unguwar Kara-Kara ya saurari matasan da gari ke tsoro. An yi juyin mulki sau biyu a 2022, ƙauyuka da dama sun watse saboda ta'addanci, duk da haka aka buɗe na 2023 a kan lokaci.

Akwai bashin da bikin bai biya ba. Mace ce ta shugabanci kwamitinsa na farko, mace ce a kan dokin kyautarsa, a 2013 ma mata ne suka shugabanci dukkan kwamitocin alƙalai, amma har yau mace ba ta ɗauki Ingarman zinariya na dogon fim na ƙagaggen labari ba. Apolline Traoré ta Burkina ta kai ga na azurfa a 2023 da Sira, labarin wata Bafulatana da ta faɗa hannun 'yan ta'adda ta ƙi karaya.

Biki na 29 ya zo a 2025, Cadi ce babbar baƙuwa, ƙasar Mahamat-Saleh Haroun wanda ya taɓa karɓar Ingarman tagulla da na azurfa. An riga an sanar cewa Souleymane Cissé ne zai shugabanci alƙalan dogon fim. Ranar 19 ga Fabrairu, saura kwana uku a buɗe, ya rasu a Bamako yana da shekara 84. Ranar 1 ga Maris aka miƙa Ingarman ga Dani Kouyaté saboda Katanga, la danse des scorpions, karo na uku da kyautar ta kwana a gida, bayan shekara 28.

Oumarou Ganda bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekara 45, yana tsakiyar aiki. A Yamai an sa wa babbar cibiyar al'adu sunansa. A Wagadugu kuwa an ware kyauta ta musamman ga daraktan da ya kawo dogon fim ɗinsa na farko, kuma sunan Ganda take ɗauke da shi. A daren rufe kowane biki, kafin a kai ga Ingarman, akan kira sunan tsohon ɗan dakon Abijan a lasifika, sai wani matashi ko matashiya ya taso daga cikin taro ya nufi dandamali.